Mako Tara Baki a Ɗaure

Da sunan Allah nake farawa, shi ya saukar da cuta, shi kuma ya ɗauke ta. Sunana Hajara, a Hadejia nake aure. Tun da maigidana Malam Sale ya samu lafiya, mata biyu sun zo har gida suna tambayata yadda na ciyar da mutumin da aka ɗaure wa baki da waya. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin gaba ɗaya, har da wuraren da na yi kuskure, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Malam dillalin kifi ne. Duk wanda ya san dillanci ya san baki ne jarinsa. Yakan bi ƙauyukan masunta ta wajen Kirikasamma, ya haɗa mai kifi da mai saye, ya yi ta zuba har sai an ce Allah ya sa albarka. A gida ma haka yake, ko tuwo ba ya ci shiru.

A tsakiyar damina abin ya faru, ranar wata Talata bayan la'asar. Yana dawowa a babur da kwali biyu na bandar kifi a bayansa, ya zo inda ruwa ya cinye gefen hanya. Garin kauce wa shanu ƙafar gaba ta faɗa rami, ya tafi da haɓa a kan bakin kwalbati. Wasu masu motar kaya suka kwaso shi zuwa asibitin garinmu. Da na isa na tarar da bakinsa a karkace, jini da yawu na zuba, haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa. Aka ɗinke haɓar, aka sa wa hannunsa na dama filasta don ya karye a wuyan hannu. Da aka zo kan muƙamuƙi sai suka ce wannan sai Kano.

Washegari muka tafi da wansa, Yaya Bukar. Kwana uku muka yi a babban asibiti kafin a taɓa shi. Layin kati daban, layin hoto daban, ka kai gaba a ce mai sa hannu ya fita, ku dawo gobe. Malam yana zaune a benci da tawul a ƙarƙashin baki, ko ruwa da kyar yake haɗiya. Akwai wata ma'aikaciya da ta daka mini tsawa don na tambaye ta sau biyu, har yau ban manta fuskarta ba. Akwai kuma wani mai shara da ya bar tsintsiyarsa ya raka mu har ƙofar ɗakin hoto, shi ma ban manta da shi ba, Allah ya saka masa.

Likitar da ta yi aikin wata 'yar siririya ce mai gilashi. Ta ce ƙashin ya karye wuri biyu. Ta ɗora masa ƙarfe a haƙoran sama da na ƙasa, ta haɗa su da waya ta ɗaure tam. Da ta gama ta kira ni gefe.

"Mako shida," in ji ta. "Ba tauna, ba buɗe baki. Duk abin da ba zai bi ta tsinken shan lemo ba, to ba abincinsa ba ne."

Sannan ta ɗauko wani ɗan ƙaramin filaya mai kaifin baki ta sa mini a hannu, ta ɗage leɓensa ta nuna mini wayoyi huɗu.

"Hajiya, wannan kada ya rabu da jikinki. In amai ya taso masa ba shi da hanyar fita, huhu zai koma. Ki kwantar da shi ta gefe, ki yanke nan, da nan, da nan, da nan. Kada ki jira kowa. Kuma tunda hannunsa ba ya aiki, kada a bar shi shi kaɗai."

Na samu zare mai ƙwari na rataya filayan a wuya. Tun daga ranar da shi nake salla, da shi nake wanka.

Da muka dawo gida na tura yaranmu biyu Kaugama wurin mahaifiyata, don ba zan iya da su da jinya ba. Gidan ya rage daga ni sai shi sai Inna, mahaifiyarsa, wadda idonta ya yi rauni, ba za ta iya ganin waya ba balle ta yanke.

Makonni biyun farko koko ne da shayi da madara. Haƙorinsa ɗaya na gefe ya fita a haɗarin, ta wannan giɓin nake zura masa tsinken. 'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba, kuma kowa da abin da ya riƙo: farfesun kaza, dambun nama, soyayyen kifi daga abokan kasuwa. Sai a ajiye kwanon a gabansa a buɗe, ƙamshi ya cika ɗakin, a ce, "Malam, a daure a taɓa." Shi kuwa sai ya juya fuska bango. Na san don Allah suka yi, amma da ma sun tambaye ni kafin su ɗora tukunya.

Kowa kuma da shawararsa. Wannan ya ce a shafa man shanu, wancan ya ce kitsen damo. Yaya Bukar tun a Kano yake gunaguni, ya ce akwai mai ɗori a wani ƙauye bayan kogi, da shi aka kai wa da tuni an wuce wurin.

"Mutum ba buhu ba, a ɗinke masa baki," in ji shi.

Inna takan ce, "Ni dai a zamaninmu ban taɓa gani ba," ta ja carbinta.

Malam yana iya magana ta cikin haƙora, amma sai ka matso ka kasa kunne, kuma yawu na biyo maganar. Da ya ga mutane suna cewa "Na'am? Me ka ce?" sai ya daina. Mutumin da ake jin muryarsa daga zaure ya koma nuni da hannun hagu. Ni ma cin abinci ya zame mini kamar sata. A kicin nake ci a tsaye, ƙofa a buɗe don in ji motsinsa, in kurkure baki kafin in koma kada ya ji ƙamshin miya.

A mako na uku ya fara jiri. Ran nan ya yi ruku'u ya kasa ɗagowa, sai da ya dafa bango. Kwana biyar bai zaga ba. Wandonsa sai da na ƙara wa mazugin ƙulli. Na kawo koko, ya dube shi, ya sa bayan hannu ya ture kofin ya kife a tabarma. Shekara goma sha huɗu muna tare bai taɓa yi mini haka ba. Na goge, na je bayan ɗaki na yi kukana.

Na gwada dabaru. Na dafa alayyafo na daka a turmi na tace da rariya, sai koren ruwa kawai ya fito, duk amfanin ya tsaya a sama. Na aika da dafaffen wake da kabewa injin markaɗen unguwa, ya dawo da yajin attaruhun wanda aka markaɗa kafin namu. Zuƙa ɗaya ya yi hawaye suka zubo, don wayar ta riga ta yayyanka masa dasashi.

Ana cikin haka Ya Falmata ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, dattijuwa, ta yi aikin ungozoma a asibiti shekara da shekaru kafin ta ajiye. Ta dawo daga ganin danginta ne ta ji labari. Ta gaida shi, ta ja fatar idonsa ta duba, ta kama damtsensa ta saki, sannan ta jawo ni tsakar gida.

"Hajara, me kike ba mutumin nan?"

"Koko, Ya Falmata. Da shayi."

"Mako uku?"

"To me zai wuce ta wurin?"

"Ƙashi ba ya haɗewa da koko, 'yar nan. Yunwa ce ke cinsa kina kallo. Jira ni."

Ta fita ta dawo da bilenda a cikin kwalinta, irin ɗan injin markaɗen nan na kicin mai kofin gilashi. 'Yarta ce ta kawo mata, ta ce ita tumatir kawai take markaɗawa da shi sai ranar salla. Ta zauna a kan turmi ta lissafa mini: kabewa, karas, dankalin Hausa don ya yi kauri, alayyafo, albasa, tumatir, tarwaɗa guda a cire ƙaya tsaf, man gyaɗa cokali biyu, gishiri. Ban da attaruhu, ban da tattasai. A dafa su lugub, a markaɗa, a tace, a sake tacewa.

Na dafa kamar yadda ta ce. Ana saukewa aka kawo wuta, ni kuma don gudun kada a ɗauke sai na juye miyar da zafinta, na cika kofin har baki, na rufe na danna. Murfin ya yi sama. Miya ta watsu har rufin kwano, ta wanke mini hannun hagu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Tabon yana nan. Abin da ya fi ƙunar ciwo shi ne na ji Malam ya taso da gudu yana kiran sunana ta cikin haƙora, ya tsaya a ƙofar kicin yana kallona, ba hannun taimako, ba bakin tambaya.

Ya Falmata ta sa na tara hannun a ruwan sanyi, tana faɗa. "Laifina ne da ban gaya miki ba. Ba a zuba abu mai zafi. Ki bari ya huce, ki zuba rabin kofi, ki danne murfin da tsumma."

Abin da ya rage a tukunya muka markaɗa. Ya fito launin ƙasa-ƙasa, ba kyan gani. Na tace sau biyu, na sirka da ruwan kifin har ya yi ruwa-ruwa, na kai masa da ɗumi. Ya kalli kofin kamar zai ture. Na zura tsinken ta giɓin, ya zuƙa sau ɗaya ya tsaya. Ya sake zuƙa. Na ga maƙogwaronsa yana motsi, idonsa a rufe. Sai da ya ji tsinken yana ƙara a gindin kofi sannan ya buɗe ido, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Babu daddawa," in ji shi.

Ni da Ya Falmata muka kama dariya, ni da hannu a kumbure. Kwana biyu bayan nan cikinsa ya saki, jirin ya ragu.

Daga nan rayuwata ta koma jiran wuta. Nakan dafa tun da hantsi in ajiye ya huce, in kunna makunnin ƙwan kicin in bar shi, ina aiki ina waiwaye. Wata rana a kawo da azahar, wata rana sai la'asar, wata rana ƙwan ya yi ja ya mutu kafin in kai hannu. Miyar kuma ba ta kwana, ba mu da firji.

A mako na huɗu kogi ya cika ya tumbatsa. Mazan unguwa duk suka tafi bakin jingar da ke tare ruwan suna cika buhuna da ƙasa. Ana jiyo hayaniyarsu da ƙarar tifa daga tsakar gidanmu. Malam, wanda duk shekara da shi ake wannan aikin, yana zaune a ƙofar ɗaki yana sauraro. Ruwa bai shigo mana gida ba, amma ya kwanta a lungunmu har ƙauri, aka kashe wutar unguwar gaba ɗaya. Lambunan fadama suka nutse, alayyafo ya yi wuya a kasuwa. Na koma kan bishiyar zogalen da ke bayan ɗakinmu da kabewar da Inna ta ajiye a ƙarƙashin gado.

Kwana takwas ba wuta. A kwanakin nan Ya Falmata, da shekarunta, ita ke ɗaukar tukunyar a ka, bilenda a hammata, ta tattare zani ta ratsa ruwan zuwa shagon mai cajin waya da ke da janareta a bakin titi. A can take markaɗawa ta dawo. Na ce mata, "Ya Falmata, kunya nake ji." Ta ce, "To zo ki je da kanki, ni in riƙe filayan da idon nan nawa." Ba ni da abin da zan biya ta sai addu'a.

Zan faɗi wani abu da masu jinya ba su cika faɗa ba. Na gaji. Tun da muka dawo daga Kano ƙafata ba ta wuce zaure ba. Wanka da ƙofa a sakaye nake yi, in tari ya tashi a ɗaki in fito da sabulu a jiki. Ƙanwata ta haihu aka yi suna ban je ba. Aka bugo waya aka ce ƙaramar 'yata tana zazzaɓi a Kaugama, na ji muryarta tana cewa, "Umma, yaushe za ki zo?" Ran nan na tsaya a zaure ina kallon ruwan da ya kwanta a lungu, zuciyata tana ce mini in cire zaren nan daga wuya in rataye a ƙusa, in shiga ruwan in yi ta tafiya har inda ƙafa ta gaji. Na ji haushin Malam, na ji haushin shanun, har likitar na ji haushinta. Sannan na yi istigfari na koma ciki na wanke masa baki da ruwan gishiri.

Ranar Alhamis ta mako na biyar, da hantsi, Yaya Bukar ya zo. Na gaishe shi, na ga gora a aljihun rigarsa, ban kawo komai a raina ba. An dawo da wuta kwana biyu kafin nan, kuma yana zama ƙwan kicin ya kama. Na ce, "Yaya, tunda kana nan bari in markaɗa," na ruga.

Duk wanda ya san bilenda ya san ƙararta. Ina danne da murfi ban ji komai ba. Sai da na saki makunnin sannan na ji Inna tana kururuwa.

"Hajara! Hajara! Zai mutu!"

Na tarar da Malam a durƙushe, idanu sun firfito, wani baƙin ruwa yana fita ta hancinsa da tsakanin haƙora. Ƙirjinsa yana sama yana ƙasa amma ba numfashi. Yaya Bukar yana tsaye da gorar a hannu yana ta salati.

Ban san lokacin da na tsinke zaren ba. Na ture Malam ya kwanta ta gefe, na ce wa Yaya Bukar, "Riƙe kansa!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ɗage leɓen. Amai ya rufe wayoyin, sai da na sa yatsa na share. Ta farko ta yanke. Ta biyu filayan ya zame ya yanki leɓensa, jini ya haɗu da aman. Na sake kamawa. Ta uku. Ta huɗu tana can ciki, fuskarsa ta fara yin toka-toka. Na ce ya Allah, na danna da hannu biyu. Bakin ya ɗan saki, abin da ke ciki ya zubo a cinyata, ya ja wani numfashi mai ƙara kamar ana jan guga. Ya yi tari, ya yi tari, ya sake ja.

Muka zauna a ƙasa mu huɗu. Can Inna ta juya wajen babban ɗanta.

"Kai, me ka ba shi?"

"Jiƙo ne, Inna. Mai ɗorin ya ce kwana uku ƙashin zai kama."

"Ɗauki gorarka ka fita da ita daga gidan nan."

Ya Falmata ta zo ta ɗaure wa Malam haɓa da ɗankwali zuwa tsakiyar kai, ta ce kada mu kwana, mu koma Kano. Aka ce hanyar da muka saba bi ta yanke, sai an zagaya ta Malam Madori. Tafiyar da ba ta wuce rabin yini ta cinye mana yinin gaba ɗaya. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji ya matse mini hannu. Yaya Bukar yana gaba kusa da direba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

A hanya Malam ya jingino da kansa, ya yi magana a hankali.

"Kada ki riƙe Yaya. Ni na ce ya kawo."

Na dube shi.

"Na gaji ne, Hajara. Na ga ke ma kin gaji."

Na juya ina kallon gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, sai kan kunyoyi ake gani.

Washegari likitar ta gan mu ba tare da dogon layi ba, wannan kam na gode mata. Ta saurari ƙirjinsa, ta ba da maganin kare huhu, aka sake hoto. Ta yi wa Yaya Bukar faɗa a gaban mutane har sai da na ji tausayinsa. Ni kuma ta ce, "Da kin tsaya neman mota da yanzu wani zance ake." Na ɗauka shi ke nan, saura mako ɗaya a kwance wayar. Sai ta ɗaga hoton ta ce wuri ɗaya ya kama, ɗayan ya motsa.

"Za mu sake ɗaurewa. Mako huɗu daga yau."

Malam ya rufe ido. Ni kuwa ji na yi kamar an mayar da ni rijiya bayan na kamo bakinta. Kuɗin mota da na hoto da na magani karo na biyu kuma, tunkiyata ce ta tafi.

Makonni huɗun nan ba abin da ya canja a cikin gidan, sai dai na ƙware. Na gane cewa kuɓewa da kuka ba sa bin tsinke, sai su yi ta jan zare suna maƙalewa a waya. Rama da yakuwa tsaminsu na taɓa masa dasashi. Zogale sai an zare kowane ɗan tsinke, in ba haka ba ko an tace sai ka tsinci zare. Wake sai an surfe an cire ƙwanso. Gyaɗa markaɗaɗɗiya cokali biyu tana riƙe masa ciki har la'asar. Ranar da aka samu nama sai in dafa shi har ya saki, in markaɗa da romonsa da karas. Daddawa kuwa kullum, 'yar kaɗan. Sau biyar yake sha a yini, bayan kowanne in wanke masa baki da sirinji da ruwan gishiri mai ɗumi. Ya daina ramewa, har kumatunsa suka ɗan ciko.

Yaya Bukar bai ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban sa rai ba. Amma tun daga ranar da muka dawo, kullum da safe sai ya aiko ko ya kawo da kansa: karas, kabewa, kifi ɗanye. Ran nan ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hularsa.

"Hajara, nuna mini yadda ake yankewar nan."

Na samo guntun waya na ɗaura a jikin rariya, ya yi ta gwadawa har hannunsa ya faɗa. Sannan na nuna masa wurare huɗun a bakin ƙaninsa.

"To ba ni," in ji shi. "Je ki sha iska. Ina nan har la'asar."

Na cire zaren na miƙa masa, na saka hijabi na fita. Ruwan lungu ya janye, ya bar laka da warin danshi. Gidan Ya Falmata na shiga, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura. Ko rabin kofi ban sha ba na ji hannuna yana laluben wuyana. Na miƙe. Ta ce, "Ina za ki?" Na ce na bar tukunya a wuta. Ta san ƙarya nake, ba ta hana ni ba. Sai a fita ta uku na iya zama har a kira salla.

Ranar da mako tara ya cika aka kwance. Na ɗauka ana cire waya zai wage baki ya ce a kawo tuwo. Ashe ba haka ba ne. Bakin ya ƙage, yatsa ɗaya ne kawai ke shiga. Likitar ta ba shi wasu 'yan itatuwa masu faɗi ta ce ya riƙa jerawa tsakanin haƙora, kullum yana ƙara ɗaya, ta ce kuma ban da nama da ƙashi da rake har wata biyu. Muka ci gaba da miyar, sai dai yanzu da cokali, ba tacewa. Daga nan fate, daga nan tuwon shinkafa mai laushi. Yara suka dawo. Ya koma kasuwa a hankali, muryar tana dawowa kaɗan-kaɗan.

Ga wanda Allah ya jarraba da irin wannan, ga abin da na sani. Kada ku tsaya kan koko, ku nemi bilenda tun ranar farko ko da aro ne. Ku bar miya ta huce kafin ku markaɗa. Kada a ba majinyaci komai, ko na asibiti ko na gargajiya, sai mai jinyar ta sani. Mutum biyu aƙalla su iya yanke wayar, kada a bar wa mutum ɗaya, don shi ma mai jinya ɗan Adam ne. Masu zuwa dubiya kuma, don Allah ku bar farfesun a gida, ku zo da kabewa.

Kamar wata guda da kwance wayar, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina shara a tsakar gida, Malam yana kishingiɗe a tabarma a inuwa, Inna tana gefe tana gyaran wake. Sai na ji wata doguwar hamma, irin mai ƙarar nan. Na juyo na gan shi baki a wage har ana hango giɓin, idanu sun kawo ruwa, ya manta ko hannu bai sa ba.

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Kai Sale, rufe bakinka mana, kamar ba babba ba."

Na jingine tsintsiya na ce, "Inna, don Allah a bar shi ya buɗe."